Fara a Buhu: Dalilin da Ya Sa Magaria Ba Ta Kiwonta

A ƙasar Magaria da Dungass, cin fara tsohuwar al'ada ce, amma kiwonta a gida bai samu gindin zama ba. Manomi ya fahimci cewa daji ne ke masa kiwon kyauta. Bayan girbin hatsi, idan sanyi ya sauka, mata da samari kan fita da asuba lokacin da fara ta sanƙare a kan ganye, su cika buhuna, a dafa ta da gishiri, a shanya a rana. Busasshiyar fara takan yi watanni ba ta lalace ba, ana auna ta da tiya, fatake su tsallaka da ita Maigatari da Babura har Kano, inda ake soya ta da yaji.

Wani zai ce ai a Tailan ana kiwon gyare a cikin akwatuna, kuma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙarfafa cin ƙwari a rahotonta na 2013. To amma fara mai rai tana son ɗanyen ganye kullum, abin da awaki ma ke nema da rani, kuma manomin da ya ga ɓarnar farin dango a 2004 da yunwar 2005 ba zai ciyar da maƙiyin gonarsa ba. Hujja ɗaya ce mai nauyi ga masu son kiwo: maganin feshi, wanda ke sa farar daji ta zama haɗari ga mai ci.