Ɓera Mai Bin Diddigi: Tarihin Basil a Adabin Yara

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa, ɓarawo a hannun mata, ba ya rasa mai duka. Amma kafin a kai ga duka, sai an gano ɓarawon, kuma a kan wannan aiki ne aka gina wani reshe na adabi a ƙasashen Turai da Amurka. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda dabba ta shiga wannan reshe, har ta kai ga ƙetare iyakokin ƙasashe domin kama masu laifi.

Tushen Al'amarin

Masana adabi sukan ɗauki labarin da Edgar Allan Poe ya buga a 1841, The Murders in the Rue Morgue, a matsayin mafarin labaran binciken laifi. Abin lura shi ne, wanda ya yi kisan a cikinsa goggon biri ne. Wato tun da farko dabba ta shigo ne a matsayin mai laifi. A 1887 Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes, gwanin da ke karanta sawu da toka da tabon laka. A 1929 Erich Kästner na Jamus ya miƙa aikin ga yara a littafinsa Emil und die Detektive, sannan a 1932 Walter R. Brooks na Amurka ya ɗora wa wani alade mai suna Freddy wannan nauyi.

Basil da Tafiye-tafiyensa

A 1958 wata marubuciya Ba'amurkiya, Eve Titus, ta wallafa Basil of Baker Street, Paul Galdone kuma ya zana hotunansa. Basil ɓera ne da ke zaune a ƙarƙashin gida mai lamba 221B a titin Baker na birnin Landan, wato gidan Holmes kansa. Yakan laɓe ya saurari maigidan, ya koyi dabarunsa, sannan ya yi amfani da su a al'ummar ɓeraye. Amininsa Dakta Dawson ne ke ba da labarin. Hikimar zaɓen ɓera a fili take: ƙarami ne da manya ba sa kula da shi, alhali yana gani yana ji, tamkar yaron da ke karanta littafin.

A littafin farko, inda aka sace wasu tagwaye, Basil bai bar Ingila ba. Daga baya ne ya ɗauki jakar tafiya: a 1964 ya nufi tsaunukan Suwizalan neman wata al'ummar ɓeraye da ta ɓace, a 1976 ya isa Meziko kan satar wani zane mai daraja, a 1982 kuma ya shiga yammacin Amurka. A 1986 kamfanin Disney ya mai da shi majigi mai suna The Great Mouse Detective. Tafarkin bai rufe ba, domin a 2000 Elisabetta Dami ta Italiya ta fara jerin Geronimo Stilton, ɓera ɗan jarida da ke yawan samun kansa a baƙin ƙasashe.

Kammalawa

Waɗannan littattafai sun koya wa yara lura da haƙuri da auna hujja kafin yanke hukunci, sun kuma buɗe musu taswirar duniya. Sai dai akwai abin dubawa. A labaran Basil, matsala a ƙasar wasu take aukuwa, mai warware ta kuwa daga Landan yake zuwa. Yaron da ya sha irin wannan karatu kan iya zaton hikima gida guda gare ta.

A tatsuniyoyinmu, Gizo ya mallaki wayon da bai gaza na Basil ba, amma yakan ɓatar da shi wajen cuta da cika tumbi. Tarihin nan ya nuna cewa dabbar da aka fara sani da laifi ana iya juya ta ta zama mai tone laifi. Ƙalubale ke nan ga marubutanmu na yara.