Ayar da ta maye gurbin zagi a kan mumbari

A huɗubar bankwana a Arfa, shekarar 632, Annabi Muhammadu ya soke riba, ya jaddada watanni huɗu masu alfarma. Wanda ya san Suratul Baƙara da Suratut Tauba zai ji amonsu a ciki.

Mu masu hawa bagade, abin da ya biyo baya ya fi shafarmu. A zamanin Banu Umayya an riƙa zagin Aliyu a kan mumbari. Masana tarihin Musulunci sun ce Halifa Umar ɗan Abdul'aziz (717-720) ne ya hana, ya sa aya ta 90 ta Suratun Nahli, mai umarni da adalci da kyautatawa, a gurbin zagin. Har yau limamai da dama, ciki har da na maƙwabtanmu a Yargoje da Faskari, da ita suke rufe huɗubar Juma'a.