Daga ficewar IBM zuwa ƙwaron shekarar 2000: yadda Indiya ta karɓe aikin kwamfutocin duniya

A shekarar 1978 kamfanin IBM ya tattara nasa ya nasa ya fice daga Indiya. Wata doka ce ta 1973 ta kore shi, wadda ta wajabta wa yawancin kamfanonin waje su rage hannun jarinsu zuwa kashi 40 cikin ɗari, sauran ya koma hannun 'yan ƙasa. IBM ya ƙi, kamar yadda Coca-Cola ya ƙi tun a 1977. Duk wanda ya dubi Indiya a wannan shekara, ƙasar da mutum zai shafe shekaru yana jiran a ja masa layin tarho, ba zai yi zaton cewa bayan shekaru ashirin manyan bankunan Amurka da Ingila za su damƙa mata amanar manhajojinsu ba.

An saba taƙaita labarin da cewa araha ce ta yi aiki: injiniyan Indiya yana karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da takwaransa na Amurka, kuma yana jin Turanci. Gaskiya ne, amma ƙasashen da ke da arahar ma'aikata da Turanci suna da yawa, Pakistan da Siri Lanka da Filifin duk suna ciki. Abin da ya bambanta kamfanonin Indiya shi ne yadda suka warware matsalar da ta fi tsadar albashi nauyi a zuciyar mai ba da kwangila, wato yadda zai yarda da wanda ba ya gani, a nisan dubban kilomita, ya taɓa masa littattafan ajiyar abokan cinikinsa.

Harsashin ya girmi masana'antar. Gwamnatin Nehru ta buɗe cibiyar fasaha ta farko a Kharagpur a 1951, ta kuma jibge masana'antun gwamnati na jiragen sama da na'urorin lantarki da na tarho a Bangalor, birnin da ke da babbar cibiyar kimiyya tun 1909. Ƙasar ta yi ta yaye injiniyoyin da tattalin arzikinta ba shi da aikin da zai ba su. Ficewar IBM ta ƙara wani abu: injunan da ya bari suna bukatar masu gyara, tsofaffin ma'aikatansa kuma suka shiga neman na kansu. A wannan giɓi ne Wipro, kamfanin da asalinsa man girki yake sayarwa, ya faɗa harkar kwamfuta.

Da farko dai mutane ake fitarwa. Kamfanin TCS na gidan Tata, wanda aka kafa a 1968 kuma F. C. Kohli ya daɗe yana jan ragamarsa, ya ƙulla hulɗa da kamfanin Burroughs na Amurka a shekarun 1970, ya riƙa tura injiniyoyinsa su zauna a ofisoshin abokan ciniki su rubuta manhaja a gaban idonsu. Infosys, wanda Narayana Murthy da abokansa shida suka kafa a Pune a 1981 da rupi 10,000 da ya ranto a wurin matarsa Sudha, haka shi ma ya fara. Wannan tsari bai wuce dillancin ƙwadago ba. Ribarsa kaɗan ce, ya dogara da samun biza, kuma injiniyan da ya ɗanɗana albashin Amurka sau da yawa ba ya dawowa. Sai dai ya koyar da kamfanonin abin da ba a koyarwa a jami'a: yadda bankin Amurka yake tafiyar da aikinsa, da abin da yake nufi in ya ce yana son aiki ranar Juma'a.

Kafin aiki ya tsallaka teku maimakon mutum, sai an samu hanyar da zai bi. Kamfanin Texas Instruments ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne lokacin da ya buɗe cibiyarsa a Bangalor a 1985, da tasharsa ta tauraron ɗan'adam da ke haɗa shi kai tsaye da Amurka. Amma ƙananan kamfanonin gida ba su da ƙarfin irin wannan. Sai a 1991, shekarar da asusun kuɗin waje na Indiya ya kusa ƙarewa har gwamnati ta jinginar da zinarinta, aka sassauta dokokin ciniki a ƙarƙashin Narasimha Rao da ministan kuɗinsa Manmohan Singh. A wannan shekarar aka kafa hukumar dandalolin fasahar manhaja, wadda ta ba masu fitar da manhaja layin tauraron ɗan'adam na haɗin gwiwa, da damar shigo da na'urori ba haraji, da hutun harajin riba. Abin lura a nan shi ne gwamnati ba ta gyara ƙasar duka ba. Tsibirai ta keɓe inda wuta da waya da kwastan suke aiki, ta bar sauran yadda suke. Bambancin lokaci ma ya zama jari: Indiya na gaban birnin New York da kusan awa goma, don haka matsalar da aka aika da yamma ana iya tarar da maganinta da safe.

Saura amana. A nan ne kamfanonin suka yi dabarar da na fi ganin ta cancanci nazari. Wata cibiya a Jami'ar Carnegie Mellon ta tsara wa ma'aikatar tsaron Amurka ma'auni mai matakai biyar na tantance ko ɗan kwangila yana da tsayayyen tsarin rubuta manhaja, ko kuwa sa'a da hazaƙar mutum ɗaya ko biyu yake dogaro da su. Kamfanonin Amurka da dama sun ɗauki ma'aunin a matsayin tarin takardu marasa amfani. Na Indiya kuwa suka rungume shi hannu bibbiyu. A 1993 cibiyar Motorola ta Bangalor ta kai mataki na biyar, tana cikin na farko-farko a duniya, manyan kamfanonin gida kuma suka bi sahu. Baƙon da ba shi da mai tsaya masa a kasuwa dole ya nemi shaidar da mai saye ya riga ya yarda da ita, kuma wannan shaida daga gidan mai sayen ta fito.

Akwai kuma darasin da Infosys ya koya a hannun General Electric. Bayan ziyarar shugabansa Jack Welch a 1989, GE ya zama babban mai ba kamfanonin Indiya aiki, yana kuma haɗa su gasa don karya farashi. A 1995 Infosys ya ƙi amincewa da farashin da aka yanka masa, ya rasa abokin cinikin da ke kawo masa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shigarsa. Daga nan ya ƙudurta cewa ba zai sake barin wuyansa a hannun mai saye guda ba. Shekaru huɗu bayan haka ya zama kamfanin Indiya na farko da aka sa a kasuwar hannayen jari ta Nasdaq.

Sai ƙwaron shekarar 2000 ya zo. Tsofaffin manhajoji, mafi yawa a harshen COBOL, suna rubuta shekara da lambobi biyu kawai, don haka aka ji tsoron za su ɗauki 2000 a matsayin 1900. Gyaran aiki ne mai gundura: bin miliyoyin layuka ɗaya bayan ɗaya, ga wa'adin da ba ya ɗaguwa. Amurka ba ta da isassun hannaye, Indiya na da su, tana kuma da tsarin da zai sa dubban mutane su yi aiki iri ɗaya ba tare da kuskure ya yawaita ba. Wanda ya bi maka layukan manhajarka kaf ya fi ka sanin cikinta, saboda haka da aka wuce wa'adin, kwangilolin kulawa suka zauna a inda aka yi gyaran. Faɗuwar kasuwar kamfanonin intanet a 2001 ta ƙara ingiza manyan kamfanoni neman rage kashe kuɗi, ga kuma wayoyin ƙarƙashin teku da aka shimfiɗa fiye da bukata sun karya farashin sadarwa.

Amanar ta fuskanci jarrabawa mafi tsanani a Janairun 2009, lokacin da Ramalinga Raju, shugaban Satyam, kamfani na huɗu a girma a masana'antar, ya amsa da kansa cewa ya shekara da shekaru yana kumbura lissafin kamfanin da kuɗin da suka haura dala biliyan ɗaya. Gwamnati ta gane cewa sunan ƙasar ne a kan faifai. Cikin 'yan kwanaki ta rushe hukumar gudanarwar kamfanin ta naɗa sabuwa, kafin ƙarshen Afrilu kuma Tech Mahindra ya saye shi, ayyukan abokan ciniki ba su tsaya ba.

Inda araha da Turanci kaɗai ne jari kuwa, Indiya ba ta iya riƙe kasuwa ba. Cibiyoyin amsa kiran waya, waɗanda suka cika Gurgaon da Bangalor a farkon shekarun 2000, sun fara ƙaura zuwa Manila da Cebu, inda lafazin ma'aikata ya fi kwanta wa Ba'amurke a kunne, kuma ba sa yawan barin aiki kamar na Indiya. Wajen 2010 Filifin ta sha gaban Indiya a wannan fanni, wasu daga cikin cibiyoyin da aka buɗe a can kuma kamfanonin Indiya ne da kansu suka buɗe su.