Goro: Daga Gwanja Zuwa Farantin Uwargida

Yau hirarmu a kan goro take, wanda ba a suna ko ɗaurin aure sai da shi. Ko kun taɓa tambaya daga ina ya zo mana?

Goro ɗan kurmi ne, ba ya son busasshiyar ƙasa irin tamu. A zamanin kakanninmu fatake ne ke ɗauko shi daga Gwanja, a arewacin Gana ta yau. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan tashi ayari guda da jakuna, madugu na gaba, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu. A kasuwar Salaga suke saro goron ƙasar Asante, su naɗe shi da ganye, suna yayyafa masa ruwa kada ya bushe. Tafiyar watanni ce, ga 'yan fashi. Shi ya sa a da goro sai sarakuna da attajirai.

Bayan da Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi a 1874, kasuwar Salaga ta fara ja da baya. Daga bisani goro ya koma biyo jirgin ruwa zuwa Ikko, jirgin ƙasa kuma ya kawo shi Kano. Yarabawa ma suka shiga nomansa, har talaka ya samu.

To, me ke cikinsa da yake kore barci? Sinadari ne mai suna kafin, wanda ke cikin shayi da kofi. Wani Bajamushe mai suna Runge ne ya fara ware shi daga 'ya'yan kofi a 1819. Akwai wani sinadari, adenosin, da ke taruwa a ƙwaƙwalwa yana sanar da ita an gaji. Kafin sai ya tare masa mazauni. Gajiyar na nan, ke ce dai ba ki jin ta.

Ga inda abin ya shafe mu. Bayan awa 5, kusan rabin kafin ɗin na nan a jini, saboda haka goron la'asar kan hana barcin dare. A jikin mai ciki ya fi haka daɗewa, yana isa ga ɗan tayi, yana kuma shiga ruwan nono. Likitoci da dama na ba mai ciki shawarar kada ta wuce miligiram 200 a yini, kamar kofin kofi biyu ke nan.

Don haka uwargida, in an kawo goron suna ki karɓa ki sa albarka. In kina da juna biyu ko goyo, ɓantari kaɗan, sauran ki aika wa Iya. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa.