Yadda Ake Juya Waƙoƙi Da Yawa Zuwa MP3 A Lokaci Guda, Da Abin Da Ya Kamata Mai Waƙa Ya Sani

Yawancin waƙoƙin biki da na siyasa da na yabon Manzo da ke isowa wayoyinku a Agege ko Sabon Ibadan ko Ama Hausa ta Owerri, a ɗan ɗaki guda aka yi su, da fiyano ɗaya da kwamfuta ɗaya. Ni daga Yolde Pate nake rubuto muku, a Yola ta Kudu, kuma a nan ma haka abin yake tsakanin Yola da Jimeta, ko waƙar Hausa ce ko ta Fulatanci. Tambayar da 'yan uwa mazauna kudu suka fi yi ita ce: me ya sa waƙar da aka biya kuɗi aka yi take fita garau a situdiyo, amma da ta iso hannu sai a ji ta dusashe? Amsar tana wajen juya fayil. Bari mu bi abin daki-daki.

Fayil iri uku ne

Na farko shi ne MIDI. An fito da wannan tsari a 1983 domin kayan kiɗan lantarki su riƙa fahimtar juna. Abin lura shi ne babu sauti ko kaɗan a cikinsa. Umarni ne kawai: danna wannan maɓalli, da ƙarfi kaza, na tsawon lokaci kaza. Shi ya sa bai da nauyi, waƙa guda ba ta cika wuce 'yan kilobait ba.

Na biyu shi ne WAV, wanda kamfanonin Microsoft da IBM suka fitar a 1991. Shi kam sauti ne cikakke, ba a rage masa komai ba. A ma'aunin faifan CD, ana ɗaukar sautin sau 44,100 a kowane sakan, kuma minti ɗaya yana cin kusan megabait 10. Ke nan waƙar minti 5 ta haura megabait 50.

Na uku shi ne MP3, wanda aka yi aikinsa a cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus, inda Karlheinz Brandenburg ya yi fice. An wallafa tsarin a 1993, aka raɗa masa sunan da muka sani a 1995. Dabararsa ita ce zubar da sassan sautin da kunnen ɗan Adam ba ya cika ji, kamar ƙaramin sauti da babba ya danne. To abin da aka zubar ya tafi ke nan, ba ya dawowa.

Ina manhajar kayan kiɗa ta shigo?

Tunda MIDI umarni ne, dole a samu wanda zai bi umarnin ya fitar da sauti. Ko dai fiyanon kansa, irin Yamaha PSR da kiɗan finafinan Hausa ya ginu a kai tun shekarun 1990, ko kuma manhajar da ke kwaikwayon ganga da sarewa da jita a cikin kwamfuta. Kamfanin Steinberg na birnin Hambog, mai Cubase, shi ya fito da tsarin VST a 1996, sannan a 1999 ya buɗe ƙofar saka kayan kiɗa na manhaja a ciki. FL Studio na kamfanin Image-Line da ke Beljiyam, wanda matasan makaɗa suka fi so, shi ma yana aiki da su. Akwai kuma ɗan kundin sautuka da ake kira SoundFont, wanda manhajar kyauta irin FluidSynth ke karantawa.

A nan ne ake yawan samun matsala. Tsarin General MIDI na 1991 ya jera kayan kiɗa 128, ya ware layi na 10 ga ganguna. A cikinsu akwai sita da shanai na Indiya, akwai koto na Japan, amma babu kalangu, babu kukuma, babu gurmi, babu kuntigi. Makaɗinmu yakan ɗauki sautin kalangu na gaske ya ɗora a manhajarsa, ko ya nemo wani sauti a fiyano mai kama da algaita. Idan aka kai wannan fayil ɗin MIDI wata kwamfuta da ba ta da waɗancan sautuka, sai ta musanya su da abin da take da shi. Sai ka ji inda kalangu ya kamata ya yi magana, wani ƙarfe ne ke ƙara. Don haka ƙa'ida ta farko: a juya MIDI zuwa WAV a kan injin da aka yi kiɗan, ko wanda ke da sautuka iri ɗaya.

Juya fayiloli da yawa a tashi ɗaya

Wanda ke da waƙa 3 zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Mai situdiyo da ke da 200, ko mai tura waƙa a kasuwar Jimeta ko Mile 12, ba zai iya ba. Ga yadda ake yi:

1. A tara fayilolin a jaka guda, a raba MIDI daban, WAV daban.
2. A fara mayar da MIDI da ayyukan situdiyo zuwa WAV. Manhajar Reaper tana da layin jira inda ake jera ayyuka ta bi su da kanta. Manhajar foobar2000, idan aka ƙara mata sashen MIDI da SoundFont, tana juya jaka sukutum.
3. A saurari guda 2 ko 3 kafin a ci gaba. Idan an zaɓi sauti ba daidai ba, duk 200 ɗin ne za su lalace tare.
4. Sannan a matse WAV zuwa MP3. Audacity, wadda kyauta ce, tana da tsarin jera umarni da ake sakar wa fayiloli da yawa. Akwai Format Factory da masu shaguna suka saba da ita, akwai FFmpeg ga wanda ya iya rubuta umarni. Da yawa daga cikinsu injin matsewa ɗaya suke amfani da shi, wato LAME.
5. A sa sakamakon ya faɗa wata jaka dabam, kada ya hau kan na asali.
6. A rubuta sunan mawaƙi da na waƙa da shekara a cikin fayil ɗin kansa. Waƙa tana yawo daga waya zuwa waya, sunan da ke waje yana canzawa, na ciki ne ke zama.

Wane ma'auni za a zaɓa?

Ana auna MP3 da kilobit a sakan. Ga lissafin waƙar minti 5:

- 128: kusan megabait 5. Ya ishi waya da ƙaramar sifika.
- 192: kusan megabait 7. Shi nake ba da shawara don rabawa jama'a.
- 320: kusan megabait 12. Shi ne ƙololuwar MP3, ya dace da DJ na biki da gidan rediyo.

Memori mai gigabait 8 zai ɗauki WAV kusan 150, amma a ma'aunin 128 zai ɗauki waƙa wajen 1,600. Kun ga dalilin da masu tura waƙa ke matsewa ƙwarai. Wasu har 64 suke saukowa. Wa'azi ko karatu na murya zalla zai iya jure hakan, amma kiɗa ba ya jurewa, musamman ƙarar kacau-kacau da sarewa, su ne ke fara narkewa.

Abubuwan da ke kashe sauti

Babban su shi ne matse abin da aka riga aka matse. Idan aka ɗauki MP3 aka sake juya shi zuwa MP3, an zubar da sauti sau biyu. Kamar hoton takarda ne da aka yi wa kwafi, aka sake yi wa kwafin kwafi. Haka nan ɗaga 128 zuwa 320 ba ya ƙara komai sai nauyi, yaudarar kai ce kawai.

Na biyu, cika ƙara. Idan makaɗi ya tura sauti har ya buga ja, bayan matsewa sai ya riƙa fashewa. A bar ɗan sarari a sama.

Na uku, hanyar turawa. Kada a kunna waƙa a ɗauke ta da saƙon murya na WhatsApp, domin wancan tsari an gyara shi ne don magana. A tura ta a matsayin fayil, yadda ake tura takarda, za ta isa yadda take.

Idan kai ne ka ba da aikin

Wannan ya shafe ku kai tsaye, ku da ke Legas ko Fatakwal kuna aiko da kuɗi gida a yi waƙar aure ko ta ƙungiya ko ta sarautar Sarkin Hausawa. Tun kafin a fara, ku yi magana cewa abu uku za a ba ku: WAV na cikakkiyar waƙa, WAV na kiɗa zalla babu murya, da MP3 na rabawa. Wanda ya karɓi MP3 kaɗai, ranar da ya so gyara baiti ɗaya ko saka waƙar a bidiyo, sai dai ya koma roƙo ko ya sake biya.

A kuma ajiye na asali a wuri biyu. Mu a Yola ta Kudu mun ga ambaliyar watan Yulin 2025, da ta shiga unguwanni irin su Shagari da Sabon Pegi da Yolde Pate. Ruwa ba ya tambayar abin da ke cikin kwamfuta. Filashi guda a wani gida, ko ajiya a intanet, ya fi alƙawarin mai situdiyo cewa yana nan a wurinsa.

Maganar haƙƙi

Tun 2017 aka daina karɓar kuɗin lasisi a kan tsarin MP3, don haka juyawar kanta ba ta da wani haraji. Waƙar ce ke da mai ita. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta haramta kwafar aikin wani don sayarwa ba da izininsa ba, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke lura da hakan. Juya waƙarka, ko wadda ka biya aka yi maka bisa yarjejeniya, ba laifi. Amma tara waƙoƙin Aminu Ala ko Nura M. Inuwa ko Ali Jita a matse a sayar ba da saninsu ba, cin gumin wani ne, ko da kowa na yi. Mai shago da ke son sana'arsa ta ɗore ya nemi izini daga mawaƙi ko wakilinsa, ya riƙe shaidar a hannu.

Allah ya sa albarka a nema, ya mayar da kowa gida lafiya.