Doki da Takalmin Ƙarfe: Daga Girka Zuwa Tevis

Ka san Girkawan dā ba sa buga wa doki takalmi? Kusan shekara 2,400 da suka wuce, Zenofon ya ce a riƙa tsayar da doki kan duwatsu don kofatonsa ya yi tauri. Takalmin ƙusa bai yaɗu a Turai ba sai wajen shekara ta 1000.

Dalilinsa kuwa, kofato ba ya tsiro fiye da kusan santimita ɗaya a wata. In hanya ta cinye shi fiye da haka, sai ɗingishi.

Gasar Tevis ta Amurka, wadda aka fara a 1955, kilomita 160 ce cikin duwatsu a kwana ɗaya. Yau wasu mahayanta roba suke mannawa maimakon ƙarfe. To kafin ka zaɓa, dubi ƙasar da dokin zai taka.