Dara a Bakin Kogin Nilu

Bayan yaƙin Burmi na 1903, kakanninmu suka yiwo gabas. Wasu suka sauka Mai Wurno, daga baya Hausawa suka bazu kudu har Abu Hujar. Dara ba ta buƙatar guzuri: gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa.

Yau samarinmu suna muhawara kan wasannin waya. Wasu sun koma wa ƙanana masu kamannin na da, irin macijin Nokia na 1997, wai dokokinsu kaɗan ne amma sai mai haƙuri. Na ce, to dara fa? Sai ɗayansu ya tambaye ni, da Larabci kuwa, yadda ake haƙa gurabun.